Wa Ya Share Hanyar Gwanja?



Duk wanda aka haifa a Zangon Kumasi ya ji labarin hanyar Gwanja, ko a bakin kaka ko a bakin tsofaffin 'yan goro. Ana faɗin madugai da yawan jakunansu, ana faɗin 'yan fashin Bargu, ana faɗin ribar da mutum kan koma da ita Kano. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne mutumin da ya sare itacen da ya faɗi ya tare hanya, ko ya yashe rijiyar da ayari ya sha, ko ya gitta gungume a kan rafi domin mai kaya ya haye. Alhali kuwa hanya a ƙasar kurmi ba ta zama da kanta. In aka bar ta damina biyu, ciyawa da kuranga sun haɗiye ta, har wanda ya saba bin ta sai ya tsaya yana waige-waige.

Sunan unguwarmu ma shaida ne. Zango a asalinsa masaukin ayari ne, inda fatake kan sauke kaya su kwana, kuma tafiyar da ke tsakanin wannan masauki da na gaba ita ma zango ake ce mata. Wato da hanya aka raɗa mana suna. Don haka tambayar wanda ya share ta tambaya ce ta cikin gida.

Hanyar tsohuwa ce ƙwarai. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, tsakiyar ƙarni na 15, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Amma bunƙasarta ta gaske sai bayan jihadin Shehu Usmanu na 1804, lokacin da goro ya zama abin marmarin sarki da talaka a daular da ta hana giya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe wannan fatauci. Ayari kan tashi bayan ɗaukewar ruwan sama, ɗauke da kanwa da turkuɗi da jar fata da gabu, ya haye Kwara ta Yawuri ko Ilo ko Busa, ya ratsa Bargu ta Nikki, ya faɗa Jugu, daga nan ko ta Sansanin Mango ko ta ƙasar Kotokoli, ya biyo Yandi, ya sauka Salaga. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma zuwa da komowa kan cinye rabin shekara ko fiye. A 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kayama yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun fi dubu, dabbobin kaya ma kamar haka.

A ƙasar sarari, daga Kano zuwa Yandi, ƙafa ce babbar mai gyaran hanya. Kofaton jaki da na takarkari da tafin ɗan Adam su ke kashe ciyawa, kowace shekara su sabunta turba. Amma ƙafa ba ta san inda ruwa yake ba, ba ta kuma gina bukka. Nan ne tsarin ayari ya shigo. Madugu shi ne uban tafiya, uban dawaki yana tattara kuɗin fito da gaisuwar sarakunan hanya, malamin ayari yana rubutu da lissafi da addu'a, jagaba kuwa shi ke gaba. Shi ke duba mashigi ko ya ƙafe, shi ke zaɓen wurin sauka, in kuma an zo mararraba sai a ja layi a ƙasa ko a gitta reshe a bakin turbar da ba ita ba, domin na baya kada su ɓata. Da an sauka, sai a sari rassa a yanki ciyawa a kafa bukkoki. Da asuba a tashi a bar su tsaye. Ayarin da ke biye ya tarar da su, ya gyara wadda ta rushe, ya ƙara tasa.

Ku dubi wannan da kyau. Dajin Bargu ba na madugu ba ne. Ba shi da gona a can, ba a binne kakansa a can ba, wataƙila ma ba zai sake biyowa ta nan ba. Duk da haka bai ƙone bukkar ba da zai tashi, bai kuma cike rijiyar ba.

Daga cikin fataken wasu kan gaji, ko su yi aure, ko ciwo ya tsayar da su, sai su zauna a masaukin. Su ne suka zama fatoma da masu gida, su ne suka haƙa rijiyoyi na dindindin, suka kafa masallaci, suka bar tsamiya da kuka da ɗorawa tsaye saboda inuwa. Zangon kwana ɗaya ya zama Zango mai sarki da limami. Haka aka yi a Jugu, haka aka yi a Yandi, haka kuma daga baya a Atebubu da Farang da Ejura.

Salaga kuwa sai an yi mata magana ta daban. Gari ne mai ƙarancin ruwa, ga shi kuma da rani baƙi kan cika shi maƙil. Sai aka huda dutsen marmara da rijiyoyi birjik, har ake yi mata kirari da garin rijiya dubu, kuma ragowarsu na nan har yau. Amma kada mu yi wa tarihi kwalliyar da ba tasa ba. Salaga kasuwar goro ce, kasuwar bayi ce kuma, ɗaya daga cikin manya a wannan yanki. Aikin ƙarfi a irin wannan gari, haƙa da ɗiban ruwa da saran itace da ɗaukar huhun goro a ka, mafi yawansa a wuyan bayi yake. Wanda duk zai yi alfahari da hanyar Gwanja, to ya sani akwai gumin da aka zubar a kanta ba da son mai shi ba, kuma jikokin waɗancan bayin da jikokin iyayen gijinsu yau sahu ɗaya suke tsayawa a masallatan Zango.

Daga Salaga zuwa kudu lamarin ya sake kama. Nan aka shiga ikon Tonawa, wato Asante, aka kuma doshi kurmi inda ƙafa kaɗai ba ta isa ta riƙe hanya. Tonawa suna da manyan hanyoyi takwas da suka fita daga Kumasi, huɗu zuwa arewa huɗu zuwa bakin teku. Ta Salaga ita ce mai bi ta Mampong da Ejura da Atebubu, ta haye kogi a Yeji. A zamanin Asantehene Osei Kwadwo, wanda ya yi sarauta daga 1764 zuwa 1777, aka kafa ma'aikatan da ake kira akwanmofo, masu share hanya, da shugabansu. Aikinsu su zaga su ga an sare abin da ya tsiro, an kawar da itatuwan da suka faɗi. Suna da zinariya daga baitulmalin sarki ta biyan masu aiki, suna da ikon cin tarar wanda ya ɓata hanya, ƙauyukan da ke bakinta kuma kowanne da rabonsa da zai share. Akwai kuma nkwansrafo, masu tsaron hanya, waɗanda ke zaune a mashigai suna duba mai shiga da mai fita. A mafi yawan ƙarni na 19 su ne ke tsayar da fataken arewa kada su zarce cikin kurmi, shi ya sa cinikin ya tsaya a Salaga.

Wani abu da ke burge ni a matsayina na mai riƙe alƙalami: da Turawan Ingila suka zo Kumasi, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, sun tarar da jama'ar Musulmi a garin ƙarƙashin Muhammad al-Ghamba, wanda ake kira Baba. Da suka nemi sanin hanyoyin arewa, malaman nan ne suka rubuta musu su da haruffan Larabci, zango bayan zango, har ƙasar Hausa da abin da ke bayanta. Sanin hanya ma wani nau'i ne na kiyaye ta. Turbar da aka rubuta sunayen masaukanta ba ta saurin ɓata.

A can gida kuma malamai ba su bar zancen hanya ga fatake kaɗai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa gyaran hanyoyi da kasuwanni da gina gadoji cikin abin da ya hau kan shugaba. Baffansa Malam Abdullahi na Gwandu ya yi littafi sukutum a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci fiƙihun Malikiyya ya wuce ta babin nan: rijiya tana da hurumi, itaciya tana da hurumi, gari ma yana da huruminsa, wato dajin da mutanensa ke zuwa itace da kiwo su komo a yininsu, ba mai ikon killace shi ya ce nasa ne. An san faɗin hanya in an yi jayayya, zira'i bakwai. An san cewa kawar da ƙaya ko dutse daga hanya sadaka ce, har an ƙidaya ta cikin rassan imani. Daga nan burtali da labi suka samo gindin zama a ƙasar Hausa: hanyar shanu tsakanin gonaki wadda ba a nomewa ko ana yunwar ƙasa. Muna kuma da labarin Zubaida matar Haruna Rashid, wadda ta kashe dukiyarta wajen haƙa rijiyoyi da tafkuna a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, har yau hanyar da sunanta ake kiran ta.

Talaka kuwa, da ba shi da dukiyar Zubaida, yana da gayya. Kowa ya san gayyar noma, da ganga da fura da kirarin sarkin noma. Amma akwai gayyar da ba ta da mai ita: yasar rijiyar gari, share hanyar kasuwa bayan damina, gyaran kadarko, yaɓen masallaci. Ba a biyan kowa, ba a kuma ɗaure wanda bai zo ba, sai dai ya sha kunya, ranar tasa buƙatar kuma ya ga tsiraru. Tonawa ma suna da irin tasu, nnoboa a gona, da kiran gari in mai shela ya buga ƙuge. Suna kuma da kurmin da ba a sara da bakin rafin da ba a nomawa. Hujjarsu daban da tamu, amma inuwar da ta saura iri ɗaya ce.

To, me ya same mu?

A 1874 Turawa suka ƙone Kumasi, ƙarfin Tonawa a arewa ya karye, Salaga ta fita daga hannunsu, goro ya fara neman wasu kasuwanni kamar Kintampo da Atebubu da Kete Krachi. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, malamai da fatake suka bazu, cikinsu har da Alhaji Umaru wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi a 1934. A 1896 aka kama Prempeh, a 1900 aka yi yaƙin Yaa Asantewaa, ƙofar kurmi ta buɗe, iyayenmu suka kwararo Kumasi suka kafa Zango. A 1903 jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi. Ba da jimawa ba irin su Alhassan Ɗantata suka gane cewa goro zai fi saurin isa Kano in ya bi ta teku zuwa Ikko. Jaki ya fara ritaya.

Turawa su ma suna son hanya, har sun fi Tonawa so, amma ba sa son biya. Dokar hanyoyi ta 1894 a yankin bakin teku ta bai wa sarakuna ikon fitar da maza masu ƙarfi su yi kwana shida cikin kowane wata uku suna share hanya, kuma irin wannan tsari ya biyo Turawa zuwa Asante da Arewa. Da irin wannan hannu aka yi babbar hanyar mota daga Kumasi zuwa Tamale, wadda ta hau tsaunin Mampong ta bi sawun tsohuwar hanyar Salaga, aka fara bin ta da mota wajen 1920. A ƙasar Hausa ana ce wa abin diban gwamna, da shi aka shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano. A ƙasashen Faransa ya fi muni, ba a kuma soke shi ba sai 1946. Da yawa daga kakannin mutanen Zango, Mosawa da Zabarmawa da Hausawan Nijar, gudun wannan aikin dole ne ya kawo su nan. Mutumin da ya baro garinsu da dare saboda an ce gobe za a fita aikin hanya, yaya zai ji in ya sake jin ƙuge ana kiran aikin hanya?

A ganina nan ne aka zuba wa gayya guba. Turawa ba su ƙirƙiro sabon suna ba, sai suka ari rigar al'ada suka sa wa tilas. Da aka yi yarjejeniyar duniya ta hana aikin dole a 1930, an bar ƙofa ga ƙananan ayyukan gari, ta wannan ƙofa kuma abin da muke kira kwaminal leba ya wuce har zuwa zamaninmu, da tararsa da ɗan sandansa. Tsafta ma haka ta zama. Bayan annobar 1924, wadda ta sa aka rushe wani sashe na tsohon Zango aka gina Sabon Zango, shara ta koma abin da ake yi don tsoron tankas da samasama. Tsohuwa takan share ƙofar gida ta rufe randa in ta ji suna tafe. Abin da a da ake nema wa lada ya koma abin da ake yi don kada a kai mutum kotu.

Daji ma bai tsira ba. An kafa ma'aikatar gandun daji a 1909. Da aka kawo dokar killace kurmi a 1911 sarakuna da lauyoyin bakin teku suka ƙi, don suna ganin dabara ce ta ƙwace ƙasa, ba a samu dokar da ta zauna ba sai 1927, zamanin Gwamna Guggisberg. Gaskiya a faɗe ta, ba don wannan doka ba da koko da katako sun cinye kurmin Asante ƙurmus. Gandun Bobiri da ke kusa da Kubease a hanyar Ankara, wanda aka keɓe a 1939, yana nan da manyan itatuwansa da ɗaruruwan nau'in malam-buɗe-littafi. Owabi, inda aka datse ruwa a 1928 domin shan mutanen Kumasi, an mai da kurmin da ke kewaye da shi mafakar namun daji a 1971. Sai dai an yi wannan kiyayewa ne da layi da alama da malamin daji mai kaki. Talaka ya fahimci cewa gandun na gwamnati ne, shi kuwa in ya shiga ɓarawo ne. Wanda aka mayar ɓarawo a wuri ba ya tashi da asuba ya je ya gyara wurin.

Mu kuma mutanen Zango muna da ƙarin ciwo a kan na kowa. Ƙasar da muke zaune a kai ta karagar Tonawa ce, mun sani, ba mu taɓa musu ba. Amma ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda kwana 14 ya bar ƙasa. Mutanen da aka haifa a Alaba da Aboabo, waɗanda ba su taɓa ganin Sakkwato ko Wagadugu ba, aka loda su a manyan motoci, aka sayar da gidaje da arahar banza. Waɗanda suka saura sun koyi darasi mai ɗaci, suka kuma gadar wa 'ya'yansu ba tare da sun furta ba: kada ka shuka itacen da ba ka da tabbacin zama a inuwarsa. Ni ban zargi wanda ya ji haka ba. Sai dai shekara hamsin da ɗoriya sun wuce, jikokinsu na da katin ƙasa, suna zaɓe ana zaɓensu, har yau kuwa muna zaune a wasu unguwanni kamar ayarin da zai tashi da asuba. Ko shi ayarin, mun gani, yakan bar bukka tsaye.

Ƙasar nan ta taɓa ganin abin da kan faru in an bar daji ba mai kula. Waɗanda suka kai shekaruna suna tuna 1983: fari, ga gobarar daji da ta lashe gonakin koko da na abinci, ga 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya, ga yunwar da ta fito da ƙashin wuyan manya da yara. Bayan wannan ne hukuma ta gane cewa ma'aikaci mai albashi ba zai iya tsare kowane daji ba. Dokar gobarar daji ta 1990 ta tanadi a kafa rundunar 'yan sa-kai a garuruwa da ƙauyuka. Manoma ne kawai, da adda da ɗanyen reshe, su ke share layin tare wuta kafin hunturu, su ke fita in hayaƙi ya tashi. A Boabeng da Fiema mutanen gari ne suka tsaya wa kurminsu da biransa tun shekarun 1970. A Wechiau, can bakin Baƙin Volta, sarakuna da jama'a suka keɓe wa dorina wuri a 1998, 'ya'yan garin ne kuma ke kai baƙi su ke gyara turbobi. Duk inda aka ce wa mutane wurin naku ne, sai ka ga adda ta fito ba tare da sammaci ba.

Ko a Amurka, inda muke zaton komai gwamnati ke yi, akwai wata hanyar ƙafa da ta bi duwatsun Afalashiya, ta ratsa jihohi 14, tsawonta ya kai kilomita 3,500, an haɗe ta a 1937. Ƙungiyoyi kimanin talatin na 'yan sa-kai ne suka raba ta a tsakaninsu. Kowace da yankinta: su sare itacen da ya faɗi, su gyara magudanar ruwa, su sabunta farin fentin da ke nuna hanya, su kula da rumfunan kwana. Malamin makaranta ne da likita da ɗan fansho, ranar hutunsu. In ka cire fentin da takalmin, aikin jagaba ne da na masu bukka, kuma rabon da suka yi shi ne rabon ƙauyukan bakin hanyar Salaga. Bambancin kawai, su don shan iska suke bin tasu, namu kuwa abinci suke nema.

Ita hanyar tamu ruwa ne ya ƙarasa ta. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965 tafki ya cinye tsohuwar Kete Krachi, mashigin Yeji ya zama teku sai da jirgin fito zuwa Makango, babbar hanyar Tamale ta koma ta Techiman da Kintampo da Buipe. Salaga ta koma gefe. Shanun da a da ake korowa da ƙafa ta Farang da Ejura yanzu a tirela suke isowa Mayanka. Wannan ba laifin kowa ba ne, zamani riga ne.

Abin da ke hannunmu shi ne wanda ya saura a ƙofar gida, kuma ba za a ce gayya ta mutu a Zango ba. A yi rasuwa ka ga samari sun riga kowa zuwa maƙabartar Tafo da diga da shebur, ba wanda ya yi musu alkawarin ko sisi. A sa ranar share maƙabartar, ko filin idi, ko zuba kankaren masallaci, sai an rasa kwanon da za a ba wani. Ƙarfin yana nan. Amma mun taƙaita shi ga wurin da muke sallah da wurin da za a binne mu. Abin da ke tsakanin biyun, lungu da gota da bakin rafi, mun bar wa hukuma. A aikina na rubuta wa dattijo wasiƙu, takardun roƙon a zo a gyara mana kaza sun cika jaka, takardar kiran gayya kuwa sai a daɗe ba a buƙaci in rubuta ko ɗaya ba. Roƙon hakki ne, muna biyan haraji, kuma babbar kwata ba aikin shebur ba ce. Amma robar ruwan da ta toshe ta ba daga Ankara aka aiko da ita ba.

Dubi rafin Aboabo. Dattawa suna ba da labarin wanka da kamun kifi a cikinsa. Yau bola ce mai tafiya, in an yi ruwa mai ƙarfi kuma ta shigo ɗaki ta gaishe mu. Shi da Subin suna gangarawa kudu su haɗu da Sisa su faɗa Oda, a can kuwa akwai masu lambu da ke ban ruwa da shi, latas da kabejin su komo kasuwa mu saya. Wannan rafi shi ne huruminmu a yau, ko da ba mu da takardarsa. An sa ranar tsaftar ƙasa a 2014, Asabar ɗin farko ta kowane wata, bayan annobar kwalara. Ta yi tashe ta lafa, domin daga sama ta zo. An fara ranar shuka itatuwa ta ƙasa a Yunin 2021 da burin dashe miliyan biyar, mu ma mun karɓi namu, an ɗauki hoto. Shuka a watan Yuni ba wuya, sama ke ban ruwa. Wuyar tana Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya busar da ƙasa, awakin unguwa kuma suka rasa ɗanyen ganye.

Abin da dashen ke buƙata a waɗannan watanni uku bai wuce kewayen kara ko tsohuwar taya da bokiti guda kowace safiya ba. Makarantun allo da na Islamiyya da ke tsakanin Sabon Zango da Asawase da Aboabo da Sawaba ba su ƙirguwa da yatsu, kowace kuma tana da malami da ake jin maganarsa da yara masu ƙarfin ɗaukar bokiti. In kowace ta ɗauki itace goma da taku ɗari na lungun da ke gabanta, aka rubuta sunanta a kai yadda malaman Kumasi suka rubuta wa Dupuis zangunan hanya, to ranar Juma'a limami zai iya tambayar malam kaza ina labarin rabonsa, a gaban jama'a, da sunan lungun.